Ki ɗinka sunanki a bayan bargon

'Yata,

Saƙonki ya iso tare da hoton bargon. Allah ya yi wa hannun nan naki albarka. Na fahimci damuwarki: kin gama bargon faci-faci da kika daɗe kina harhaɗawa, za ki ba ƙawarki da ta sauka, sai abokan ɗinkinki suka ce al'adar masu wannan aiki ce a rubuta suna da shekara a bayansa. Ke kuma ranki bai kwanta ba, kina ganin abin kamar fariya, har kika kawo mini karin maganar nan ta yabon kai jahilci. Kina son ki ji ko al'adar tana da tushe, ko kuwa yayi ne na 'yan zamani.

Tana da tushe, kuma ki sa sunan. Amma bari in gaya miki dalili, don kada ki yi shi don kawai gwaggonki ta ce.

Masu aikin ƙarfe sun daɗe da wannan al'ada, kuma ba don neman yabo suka fara ta ba. Tilasta musu aka yi. A Ingila, a shekarar 1300, sarki Edward na Ɗaya ya kafa doka cewa kada a sayar da kayan azurfa sai an gwada su an tabbatar azurfar ta kai mizani, wato kashi 925 cikin 1000, sannan a buga musu hatimi mai siffar kan damisa. Sai aka ga hatimin hukuma kaɗai bai isa ba, domin in an kama algus ba a san wanda za a tuhuma ba. A 1363 aka ƙara cewa kowane maƙeri sai ya mallaki lambarsa ta kansa, ya buga ta a duk abin da ya fito daga hannunsa. A 1478 kuma aka shigo da harafin da ke nuna shekarar gwaji. Kin ga ke nan, mai buga lambarsa a jikin cokali yana cewa ne: ni na yi, in an sami ha'inci a ciki a zo a same ni. Wanda ya san ya cakuɗa azurfarsa da tagulla fiye da ƙima shi ne zai so a bar kayan babu shaida. Magina ma haka suka yi a manyan majami'un Turai na da, kowa yana sassaƙa alamarsa a dutsen da ya gyara, a san aikin wane ne, a biya shi, in kuma ya yi sakaci a gane.

Maƙeran takobi na Japan su ne suka fi burge ni a wannan fanni, kuma su ne amsar tsoron da kike yi na riya. Maƙeri zai kwashe makonni yana naɗe ƙarfe yana bugu, ya fitar da takobin da sarakuna ke rububi, sannan ya ɗauki kurfi ya sassaƙa sunansa, sau da yawa har da shekara a ɗaya gefen, a wutsiyar ƙarfen da ke shigewa cikin ƙota. Mai riƙe da takobin ba ya ganin sunan. Sai ranar da aka zare ƙotar don gyara ko bincike ake karanta shi. Sunan yana nan ga mai bukatar sani, ba ya tsone wa kowa ido. Bayan bargo ma haka yake. Mai son a yabe shi a fuska yake rubutu da manyan baƙaƙe, ke kuwa ɗan ƙyalle ake ce miki ki liƙa a kusurwar ƙasa ta baya, inda sai an juya ake gani.

Ta ɓangarenmu mu masu allura da zare, labarin ya fi ban takaici, shi ya sa nake da zafi a kan wannan magana. Maza maƙera doka ta adana musu sunayensu. Mata kuwa sun yi ta ɗinki da saƙa ɗaruruwan shekaru, aikin ya rage, sunan ya tafi. A gidajen adana kayan tarihi za ki ga bargon da ya ci idon mace da ƙuruciyarta, ɗinki ƙanana a jere kamar an auna da ma'auni, a ƙarƙashinsa an rubuta ba a san wadda ta yi ba. A jihar Kentucky ta Amurka, a 1981, sai da mutane suka tashi takanas suna kira ga iyalai su fito da tsofaffin bargunansu a ɗauki hoto a rubuta tarihinsu, sauran jihohi suka bi sahu. Da yawa daga jikokin da suka kawo bargunan ba su iya faɗin wace kaka ce ta ɗinka ba, domin waɗanda suka sani sun riga mu gidan gaskiya.

Ki kwatanta da wata mai suna Jane Bostocke. Ta yi surfani a wani ƙyallen lilin, irin wanda ake gwada salon ɗinki iri-iri a kai, ta ɗinka sunanta da shekarar 1598, ta ƙara da ranar haihuwar wata yarinya 'yar uwarta, Alice Lee, a 1596. Ƙyallen yana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, kuma shi ne mafi tsufa cikin irinsa na Birtaniya da ke ɗauke da shekara. Sama da shekara 400 ke nan ana kiran sunan mace biyu saboda 'yan baƙaƙen da ba su ci zare mai yawa ba. Lura kuma, haihuwar yarinya ta tuna da shi, kamar yadda kika yi. Haka matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, da suke yayyanka tsofaffin wandunan aiki na mazansu su haɗa bargo don maganin sanyi. Da aka baje aikinsu a Houston da New York a 2002, an rataye barguna da sunayen masu su, irin su Annie Mae Young da Mary Lee Bendolph, har hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunan a kan sarki a 2006. Sun yi sa'a an zo tun da sauran masu iya cewa wannan na wance ne.

Masu saƙa su ma suna da tasu hanya. A rigunan sanyi na masunta a gaɓar Birtaniya akan saƙa haruffan farko na sunan mai rigar a ƙasa, dab da bakinta, haka ma safar hannu ta garin Sanquhar a Sukotland, a wuyan hannu.

To ga yadda za ki yi. Ki sami farin ƙyallen auduga, faɗin tafin hannu ya isa, ki wanke shi tukuna don kada ya tsuke daga baya ya jawo bargon. Ki rubuta da zaren surfani in kina da haƙuri, shi ya fi daɗewa. In da alƙalami za ki yi, sai irin wanda aka yi don tufafi, kuma ki gwada shi a wani guntu, ki wanke, ki ga ko tawadar ta zuba. Ki kalmashe gefuna huɗu, ki ɗinke da ƙananan ɗinki a kusurwa. Wannan karon kin riga kin gama, sai ki ɗora a sama. A na gaba ki liƙa shi a ƙyallen baya kafin ki haɗa fuska da auduga da baya, yadda ɗinkin da ke ratsa su ukun zai bi ta kansa, ba mai iya ɓanɓare shi sai ya farke bargon.

Abin da za ki rubuta: cikakken sunanki, shekara, sunan jaririn da ranar haihuwarsa. Kada ki tsaya a haruffa biyu, bayan shekara 50 ba wanda zai warware su. Kin ce akwai guntayen rigar marigayiya kakarki a ciki, to wannan ma ki rubuta shi, layi ɗaya ya isa, domin ke kaɗai kika san wane ƙyalle ne, kuma yaron ba zai taɓa sani ba in ba ki faɗa ba.

Akwai sharaɗi guda da nake so ki riƙe da kyau, domin a nan ne al'adar take komawa abin da kike gudu. Suna shaida ce, kuma shaida ba ta halatta sai da gaskiya. In wata ta taya ki ɗinkin, sunanta ya shiga tare da naki. In zanen bargon na wata ne kika bi, ki ambace ta, ko ki rubuta cewa ke kika ɗinka, kada ki ce ke kika ƙirƙiro. In da keke kika yi wani sashe, kada ki bari a tafi da zaton duk aikin hannu ne in an tambaye ki. Ki isar wa ƙaninki da wannan, tunda na ji ya fara ƙera wuƙaƙe da zobba a ranakun hutunsa. Ya yanka lambarsa ya riƙa bugawa tun ƙarfen yana ja, kafin ya tsoma shi a mai ya taurare, don in ya taurare lambar ba za ta kama ba, wuƙar ma tana iya tsagewa. Amma kada ya kuskura ya buga 925 a zoben da bai tabbatar da azurfarsa ba. A ƙasashe da dama wannan laifi ne da doka ke hukuntawa, ko da kyauta ya yi niyyar bayarwa yau, domin gobe zoben zai iya shiga hannun wanda zai sayar.

In ƙawar taki ta ga ƙyallen ta tambaya, ki gaya mata na yaron ne, ya san wadda ta yi masa. A can ƙasa ki ƙara mata yadda za ta wanke shi, da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, saboda jan ƙyallen nan na tsakiya da na gani a hoton yana iya zuba.

Ki gaishe mini da mahaifinki da kyau.

Gwaggonki