Amsa: Sayen tsohuwar PS2 saboda PES 6, asara ce?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko sayen tsohuwar na'urar gem PlayStation 2 (PS2) don komawa kan gem ɗin ƙwallo na Pro Evolution Soccer 6 (PES 6) zai yi maka daɗi yanzu, ko kewar da ce kawai za ta cinye maka kuɗi. Saya, ba asara ba ce. Gem mai labari, da ka kai ƙarshensa ka san komai, amma ƙwallo ba ta maimaita kanta. Tun 2006 aka fitar da PES 6, amma har yau in muka zauna a shago nan Agege bayan isha'i, wani ya ɗauki Inter, Adriano ya saki ƙafar hagu daga wajen yadi na 18, ihu ake har maƙwabta su leƙo. Ga kuma Master League, inda za ka fara da 'yan wasan da gem ɗin ya ƙirƙira irin su Castolo da Minanda ka gina kulob daga tushe.

Sharaɗi ɗaya: a kasuwannin kayan lantarki na Legas, Alaba ko Computer Village, kada ka miƙa kuɗi sai an kunna PS2 ɗin a gabanka ka buga wasa har a tashi. Idon da ke karanta faifai ne ke fara mutuwa a waɗannan tsofaffin, kuma sai ta yi zafi take fara sarƙewa. In mai shago ya hana gwaji, wuce na gaba.