Ruwan damina na kwaso mana ƙazanta har soro, wai shuka za ta yi maganinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum injiniya. Ni a Kurna nake cikin Kano, duk damina ruwan da yake gangarowa lungunmu baƙi ƙirin ne ga wari, wani sa'in har soro yake shiga. Wani abokina ya ce a ƙasashen waje ciyawa da bishiyu suke shukawa su tare irin wannan ruwan. Da gaske ne? Kuma ba sauro zai tara mana ba?

Amsa: Wa alaikumus salam malam, Allah ya kawo mana sauƙi. Abokinka gaskiya ya faɗa maka. Ruwan nan fa da tsaftarsa yake saukowa, a ƙasa yake kwasar tsiya, baƙin man da bakanike ya tuttular, ledar fiya wata, kashin awaki, ruwan wanke-wanke, ga shaddar da ta cika ta tumbatsa. Shi ya sa na farkon damina ya fi kowanne muni, dattin wata bakwai yake wankowa lokaci guda. Na cikin gari mafi yawansa rafin Jakara yake faɗawa, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan unguwar Bompai, su tafi har dam ɗin Wasai, kuma a bakin ruwan nan ake noman latas da alayyahun da muke saya a kasuwa. Wallahi wannan ne yake damuna fiye da komai.

Yi lissafin nan ka gani. Kwanon gida mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwa milimita 30 wanda a watan Agusta ba wani abin mamaki ba ne, lita 3,000 zai zubo, wato jarkar 'yan garuwa 120. Gida ɗaya kenan. Da can tsakar gida ƙasa ce tana shanye rabonta, yanzu kowa ya dafe da siminti ya fasa rariya ya turo wa lungu, to ina ruwan zai je?

Kuma mu Kanawa ba baƙin abin nan ba ne. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, su ne suke riƙe ruwan unguwa, laka ta kwanta, sauran ya nitse a hankali ya ciyar da rijiyoyi. Mun cike su da bola mun yi shaguna a kai, ruwan kuma bai manta hanyarsa ba. Abin da muka binne shi wasu suke kashe kuɗi su gina, birnin Filadelfiya a Amurka ya fara shirinsa na shekara 25 tun 2011, ƙasar Sin ma a 2015 ta ware birane 16 don gwada birni mai tsotse ruwa kamar soso. Ni a ganina faɗaɗa kwalbati kaɗai ba ya raba mu da matsalar, kawai dai ka aika wa na gangare da ita da sauri ne.

A gidanka ga abin da zaka iya. Ka sa indararo ya zuba a tanki ko duro, amma ka bar na mintunan farko ya wuce tukunna don ƙurar kwano. Sai ka fasa simintin wani ɓangare na tsakar gida ka yi ɗan kwari mai faɗi inda ruwan zai taru, zurfinsa kamar taƙi ɗaya, ka gauraya ƙasar da yashi da ɗan taki ka dasa ciyawar jema. Saiwar jema tana nitsawa fiye da mita 2, tana jure rani tana jure ambaliya, ita da ƙasar ne suke tace ruwan. In shimfiɗa kake so a ƙofar gida, intalok da yashi a tsakaninsa ya fi kankare nesa ba kusa ba.

Maganar sauro kuwa tambaya ce mai kyau. Sauro yana buƙatar kamar mako guda a ruwa kwance kafin ya tashi, shi kuma kwarin nan dole ya tsotse cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Kafin ka fara ka haƙa ɗan rami ka cika da ruwa, in gobe war haka yana nan to ƙasarka laka ce, ka ƙara yashi da tsakuwa ko ka canza waje. Ruwan kwatar da leda ta toshe shi ne gidan sauro na gaske.

Dan Allah ka bar aƙalla mita 3 tsakanin kwarin nan da gini, musamman in ginin ƙasa ne, kuma ka nisanta shi sosai da rijiya da shadda. Sannan kar a ɗora wa ciyawa abin da ba za ta iya ba, ruwan kamfanonin jima irin na Sharaɗa da Challawa mai sinadarin kuromiyam da ake jima da shi sai an tace shi tun daga cikin kamfani, baƙin mai kuma a tara a jarka. Na lungu kuwa ku samu mai unguwa ku yi gayya ku yashe kwata tun watan Mayu, yashin da kuka fitar a kwashe shi ranar, in aka bar shi a baki ruwan farko zai mayar da shi ciki.