Amsa ga mai tambaya kan bindigar airsoft mai aiki da gas

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana karatu a Ingila, abokai sun kai ka filin airsoft, wato wasan harbe-harbe da bindigogin wasa masu harba ƙananan ƙwayoyin roba, ka ji daɗi, yanzu kana son sayen taka, kuma hankalinka ya fi kwanta wa mai gas. Na daɗe ina wannan wasa a nan, na riƙe mai gas na riƙe mai batir. Shawarata ita ce kada mai gas ta zama bindigarka ta farko.

Ba wai ba ta da daɗi ba. Wallahi tana da shi. Kana danna kunama za ka ji ta tokare maka hannu, murfin sama ya ja baya ya dawo da ƙara, ƙwaya ta fita nan take, ba jiran ɗan injin lantarki ya matse sifirin kamar a mai batir. Idan ƙwayoyi suka ƙare murfin ya tsaya a baya, dole ka sauya magazin, wato gidan da ƙwayoyi da gas suke ciki. Wannan kama da ta gaske shi ne abin da mutane ke saye, kuma daga Japan aka faro wasan, ƙasar da dokar mallakar bindiga ke da tsauri ƙwarai. Cikin mai gas ma ba ruɗani, ba waya ba tarin haƙora, kai da kanka za ka kwance ta ka goge ka mayar.

Amma sanyin ƙasar nan abokin gabarta ne. Abin da ake kira green gas furofen ne, wani nau'in gas na girki, da aka cakuɗa da ɗan man silikon. A cikin magazin ruwa ne, sai ya zama iska sannan ya tura ƙwaya, kuma yana buƙatar ɗumi kafin ya yi hakan. Ka taɓa lura da yadda tukunyar gas ta girki ke yin sanyi har ta yi raɓa idan an daɗe ana dafa abu? To haka magazin ke yi. Ka yi harbi da sauri a jere, ya huce, ƙarfin ya ragu, ƙwaya ta riƙa faɗuwa kusa. Idan yanayi ya sauka ƙasa da digiri 10 abin ya fi muni. Na sha ganin mutum a watan Janairu yana tsakiyar wasa, bindigarsa ta fesar da gas ɗin gaba ɗaya, ga ƙwayoyi cike a ciki amma ba abin tura su. Akwai gas mai ƙarfi na hunturu, akwai kuma masu amfani da ƙaramin kwalban CO2 mai giram 12 da ya fi jure sanyi, sai dai ƙarfinsa kan gajiyar da bindigar da ba don shi aka ƙera ta ba. Yana iya ma sa ka wuce iyakar gudun ƙwaya da fili ya yarda da ita, domin filaye da yawa a nan ba sa yarda a haura ƙafa 350 a sakan da ƙwaya mai giram 0.20.

Sai batun kuɗi, wanda ɗalibi ya kamata ya duba da kyau. Magazin ɗin gas ƙarfe ne mai nauyi da tsada, kuma ƙwaya 30 zuwa 40 doguwar bindiga ke ɗauka, alhali na mai batir akwai mai ɗaukar 300. Ke nan sai ka sayi da yawa kafin ka iya yin wuni a fili, ga kuɗin gas da ba ya ƙarewa. Kuma suna yoyo. Zoben robar da ke toshe bakin ya bushe, ka wayi gari babu komai a ciki. Maganinsa ka riƙa barin ɗan gas a ciki idan za ka ajiye, ka shafa man silikon kaɗai, kada ka kusantar da man inji domin yana cin roba. Kada kuma ka bar magazin kusa da hita ko cikin mota a rana.

Ka san dokar tun kafin ka biya. Tun dokar 2006, ba a sayar wa mutum mai kama da ta gaske sai ya nuna cewa ɗan wasa ne, yawanci ta rajistar UKARA, ƙungiyar masu sayar da kayan airsoft ta Birtaniya: shekara 18, wasa uku a fili mai rajista cikin abin da bai gaza kwana 56 ba. Kafin nan sai mai launi biyu mai haske. Kada ka taɓa fito da ita a titi ko ka nuna ta ta taga, a jaka rufe take tafiya. A 2014 ɗan sanda a Cleveland ta Amurka ya harbe yaro ɗan shekara 12, Tamir Rice, yana riƙe da irin wannan bindiga. Don Allah kada ka yi tunanin sa ta a akwati idan za ka tafi hutu gida. Jirgi ba ya ɗaukar gwangwanin gas, kuma a shingen bincike ba wanda zai tsaya sauraron bayanin cewa ta wasa ce.

Da ni ne kai, tabarau mai inganci da abin rufe fuska zan fara saya, domin ƙwayar milimita 6 tana fasa ido tana karya haƙori. Sannan doguwa mai batir, wadda Tokyo Marui suka fara fitar da irinta a 1991 kuma har yau ita ce mafi yawa a fili. Idan lokacin zafi ya shigo kuma aljihu ya yarda, sai ka ƙara da ƙaramar fistol mai gas a ƙugu. Kafin nan ka roƙi wani a fili ya ba ka tasa mai gas ka gwada a ranar sanyi. Allah ya ba da sa'ar karatu.