Amsa: Tsutsar dusa na mutuwa a roba, ina matsalar?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi tsutsar dusa (mealworm da Turanci) don koton kamun kifi, cikin sati biyu rabi suka mutu, robar kuma tana wari. Ina kyautata zaton laima ce ta yi maka ɓarna. Ni ma haka na fara, na riƙa yayyafa musu ruwa don tausayi, sai fumfuna ta rufe dusar.

Ba a ba su ruwa. Zuba busasshiyar dusar alkama kamar tsawon ɗan yatsa, ita ce shimfiɗa, ita ce abinci. Ka ɗora yankan karas ko dankali, daga nan suke shan ruwansu, ka cire shi kafin ya fara ruɓewa. Robar ta zama mai santsi, ba sa iya hawa. Ka huda murfin. Sun fi son duhu da ɗumi wajen digiri 25 zuwa 28.

Abin da mutane ke mantawa: tsutsar nan 'yar wani baƙin ƙwaro ce. Idan ka ga wasu sun lanƙwashe sun yi fari ba sa tafiya, ba mutuwa suka yi ba, rikiɗa suke. Kwashe su zuwa wata roba, in ba haka ba 'yan'uwansu su cinye su. Ƙwarin da suka fito su za su yi maka ƙwai, sai dai haƙuri, wata uku zuwa huɗu kafin ka samu na sa wa ƙugiya.

Kashinsu kamar yashi yake taruwa a ƙasa, tankaɗe shi da rariya. Ranar fita fatsa, zaɓi waɗanda suka sake fata, farare masu laushi, ka sa a ƙaramar ƙugiya siririya don kada su fashe.