Dodon koɗin da ya shekara 14 ba a raɗa masa suna ba

Tambaya: Malam, ni masunci ne a Argungu, ubana ma su ya yi. Na ji a rediyo wai an gano sabon dodon koɗi a kan wani tsauni a ƙarƙashin teku. Tsauni kuma a cikin ruwa? Sannan yaya halitta za ta zama sabuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, tsaunin gaskiya ne. Ƙasan teku ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar fadama. Akwai tsaunuka birjik, yawancinsu duwatsu ne masu aman wuta da suka mutu tuntuni, kuma masana kan kira tsauni wanda ya tashi mita 1,000 ko fiye daga ƙasan teku amma kansa bai leƙo waje ba. Ya fi dutsen Kwatarkwashi nesa ba kusa ba.

Kalmar "sabo" kuwa ta sha rikita ɗalibaina lokacin da nake koyarwa a Birnin Kebbi. Halittar tsohuwa ce, saninmu da ita ne sabo. Babu mai nutso can da gora da homa kamar a Matan Fada. Daga mita 1,000 zuwa ƙasa duhu ne ƙirin, ga sanyi, ga nauyin ruwa da ke ƙaruwa kowane mita 10. Na'ura ake zurawa daga jirgin ruwa, mai fitila da hannun ƙarfe, ta kwaso duwatsu da laka. Sai a tace, a tsince 'yan katantanwa, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. A duba su da madubin ƙara girma, a ƙirga haƙoran da ke jere a harshensu (e, dodon koɗi na da haƙora), a gwada ƙwayoyin gadonsu, a kwatanta su da waɗanda ke ajiye a gidajen tarihi. In babu irinsu, sai a wallafa siffarsu a ba su sunan Latin mai kalma biyu.

Mu kwana bakwai muke suna, su kuwa sai a kwashe shekaru. Wanda ya fi burge ni an same shi a 2001 a Tekun Indiya, bakin wata maɓuɓɓugar ruwan zafi, zurfin sama da mita 2,400, amma sai a 2015 ya samu suna. Ƙoƙonsa na da rufin sinadarin ƙarfe, ƙafarsa sanye da ɓawo kamar sulke, har maganaɗisu na jan wasunsu. Ba ya kiwo ma, wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a maƙogwaronsa ne ke ciyar da shi.

Shekara huɗu kacal da samun sunan, a 2019, aka sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, saboda masu haƙar ma'adinai sun sa ido kan 'yan wuraren da yake zaune. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara mun san yadda rami ke komawa in an ji ƙishin-ƙishin zinariya a cikinsa.