Me ya sa ake jin haushin iyayen Conan a kashi na 43?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa masu kallon Detective Conan, katun ɗin Japan na binciken laifuka, suke saɓani kan wannan kashi da aka nuna a Japan a 1997. Ga yadda abin yake: wata mata ta zo ofishin Kogoro Mouri, jami'in binciken da Conan ke zaune a gidansa, ta ce ita ce Fumiyo Edogawa, uwar Conan. Conan ya san ƙarya ce, tunda shi ya ƙirƙiri sunan Conan Edogawa da kansa don ɓoye asalinsa, bayan guba ta mayar da shi ƙaramin yaro. Ta sa masa bindiga a mota, daga baya aka sumar da shi, ya farka a ɗaure, ga wani mai abin rufe fuska irin na Night Baron, wani mugu a littattafan da mahaifinsa ke rubutawa. Ashe Yukiko da Yusaku ne, iyayensa na gaskiya, da hannun Farfesa Agasa, maƙwabcinsu, wai don su tsorata shi ya bi su ƙasar waje.

Wasu sun sha dariya, suna yaba gwanintar Yukiko wajen ɓad da kama. Wasu kuwa suka ce wasan ya wuce gona da iri. Ni ina tare da na biyun. Yaron da ƙungiyar miyagu masu baƙaƙen kaya ta ɗura wa guba, kai uba ka auna shi da bindiga, ko ta wasa ce? Kuma duk da haka ya ƙi tafiya.