Hukuncin Karanta Labarin Mai Keken Dokin da Ya Zama Sarki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ɗana mai shekara 10 ya aro wani littafin Turanci a makarantarsu, The Magician's Nephew. A ciki wani mai keken doki na haya a Landan ya zama sarki a wata duniya da ake kira Narniya, wai kuma zaki ne ya naɗa shi. Yaron ya ƙwallafa rai a kan littafin. In bar masa ko in karɓe?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya saka miki da alheri da kike duba abin da yaronki yake karantawa.

Ƙagaggen labari, idan mai bayarwa da mai saurare duk sun san ƙage ne, bai shiga ƙaryar da aka haramta ba, don babu wanda aka yaudara. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da Maƙamatul Hariri, alhali Abu Zaid ɗin cikinsa ƙirƙirarsa aka yi. Saboda haka abin da ke cikin labarin shi ne zai yanke hukunci.

Littafin ya fito a 1955, ɗaya ne daga cikin bakwai da C. S. Lewis ya rubuta kan Narniya. Mai keken dokin sunansa Frank, talaka ne ɗan ƙauye da neman abinci ya kai shi birni. Kafin a naɗa shi tare da matarsa Helen, an tambaye shi ko zai iya noma ya ci guminsa, ko zai yi wa talakawansa adalci ba tare da fifita wani ba, ko zai kasance na gaba in yaƙi ya zo. Wannan ɓangaren ina yaba shi ƙwarai, domin Alƙur'ani ya riga shi faɗa. A Suratul Baƙara, aya ta 247, Bani Isra'ila sun ƙi sarautar Ɗalutu saboda ba a ba shi yalwar dukiya ba, Annabinsu ya amsa musu cewa Allah ne ya zaɓe shi, ya ƙara masa yalwa a ilimi da jiki. Bukhari ya ruwaito cewa babu Annabin da Allah ya aiko face ya yi kiwon dabbobi, kuma Annabi Dawud, wanda aka haɗa wa annabci da mulki, daga aikin hannunsa yake ci. Muslim ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya kafinta ne. Yaron da ya tashi da sanin haka ba zai raina ɗan dako ko mai tura kura ba, kuma yaranmu na matuƙar bukatar wannan tarbiyya.

Inda matsalar take shi ne zakin, Aslan. A labarin shi ne yake samar da duniyar daga duhu da waƙarsa, ya fito da taurari da tsirrai da dabbobi, sannan ya ba da mulki. Lewis fitaccen mai kare addinin Kirista ne, kuma shi da kansa ya bayyana a wasiƙunsa cewa zakin nan yana tsaye ne a matsayin Almasihu. Ke nan an shigar da aƙidar allantar da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, cikin rigar tatsuniya. Mu kuwa Allah ya ce a Suratuz Zumar, aya ta 62, Shi ne mahaliccin kowane abu, kuma a Ali Imrana, aya ta 26, Shi ne Mamallakin mulki, yana ba wanda ya so. Babba zai karanta ya tace. Yaro kuwa zuciyarsa takan kama wanda labari ya sa shi ya so, tun kafin ya fahimci abin da ake nufi.

Akwai kuma sihiri a ciki, zobba da mayya. Wannan ya fi sauƙi, don labarin ya nuna matsafin mugu ne mai son kansa, amma a gaya wa yaro sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa.

Abin da ya rinjaya a wurina: bai halatta a sakar wa yaron da bai riƙe tauhidinsa ba wannan littafi ya karanta shi kaɗai. Idan ke ko mahaifinsa za ku zauna da shi, ku nuna masa cewa halitta da ba da mulki na Allah ne Shi kaɗai, kuma Isa bawan Allah ne kuma ManzonSa, to babu laifi, haka ma in makaranta ta sa shi cikin manhaja. In ba za ku samu wannan lokacin ba, ki karɓe cikin lalama ba da faɗa ba, ki ba shi ƙissar Ɗalutu da Dawud da Jaluta a madadinsa.

Wallahu a'alam.